Kwana Tara Ban Ji Muryar Daudu Ba

Yaya Zuwairatu,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ya yara, ya zaman Batsari tun da 'yan bindiga suka tashe ku daga ƙauye? Allah ya kawo sauƙi.

Ni lafiya lau nake a Tamanrasset, aikin gini yana tafiya. Kwanakin baya ne dai na daina cin abinci, sai in zauna ina kallon bango. Kada ki gaya wa Inna. Zauren WhatsApp na 'yan ƙauyenmu da Sagiru ya buɗe ne ya dawo da ni hayyacina. Ya hana sa hoton gawa, kowace safiya kowa ya turo murya kawai, ya ce an kwana lafiya. Sai na ji ku duka nake iya ɗaukar bulo.

Yau kwana tara ban ji ƙaninmu Daudu ba. In na tambaya, sai kowa ya shiga zancen damina. Ni ba yaro ba ne, Yaya.

In sace shi aka yi, ko ya rasu, kada ki kira ni ni kaɗai a ɗakin nan. Ki faɗa a zauren, inda akwai masu ba ni haƙuri.

Ƙaninki,
Faisal