Fuskarki Yadda Kika Bar Ta, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Habsu ta Cadawa. Sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'imarsa.

Bayan haka, Inna, na zo da maganar da na haɗiye shekara da shekaru.

Kin tuna ni ciwon ya fara kamawa. Ina 'yar shekara bakwai na wayi gari bakina ya karkace, idon hagu ya ƙi rufuwa, kunu yana zubo mini ta gefe. Kika riƙa gasa mini kunci da tsumma mai ɗumi, kina murzawa da man shanu. Kafin wata biyu na warke sarai, kamar ba a yi ba.

Shi ya sa da naki ya zo, farkon shekarar da Nasara suka miƙa mulki, ko a jikinki. Kika ce: abin da ya bar yarinya ai ba ya gagari uwarta ba. Kin haura hamsin a lokacin. Wata biyu suka wuce, fuska shiru.

Baba ya ɗora ki a jaki har ɗakin shan magani na Agiye. Likitan bai ɓoye miki ba. Jijiyar yaro, in ji shi, tana tohowa da sauri ta koma hanyarta. Ta babba a hankali take, wani lokaci ma ta ɓace hanya. Haka kuwa aka yi. Da motsi ya fara dawowa, in kika yi murmushi sai ido ya tsuke, in kina tauna tuwo sai hawaye.

Mutanen gari ba su tsaya jin wannan ba. Aka ce aljani ya mare ki a bakin rijiya. Aka ce alhakin kaifin harshe ne. Ke da ba a kai amarya sai da guɗarki, aka daina aiko miki goro. Masu ciki suna kauce miki a hanya.

Ranar taron 'yancin kai a ƙofar mai gari, aka aiko cewa ki zauna baya, ki ja mayafi. Kika sa zanenki na saƙi, kika ratsa mata har gaba, fuska a buɗe. Da maroƙi ya ce ƙasa ta zama tamu, kika ɗaga kai kika rangaɗa guɗa. Iska ta zurare ta gefen leɓe, muryar ta fito a tsinke. Aka yi dariya. Kika sake. Kika kuma sakewa, har sai da wata tsohuwa ta kama miki, sauran suka bi.

Ni fa, Inna, ina bayan rumbu na ɓuya. Kunyarki nake ji, ni da kika warkar da hannunki. Da muka koma gida ba ki yi mini faɗa ba. Cewa kawai kika yi: in ƙasa ta fita daga hannun mutane, fuskata ba ta shiga hannunsu ba.

Ki yafe mini wannan ɓuyan.

Yau shekaruna sun wuce waɗanda kika yi a duniya da yawa. Hotonki ɗaya ya rage mana, na katin shaida, wanda mai hoto ya ce ki juyo da ɓangaren lafiya kika ƙi. Ɗana Sani ya ce yanzu akwai dabarar da za a miƙe bakin a cikin waya, ya fito daidai. Na ce ya ajiye dabararsa. Wanda duk ya ga wasiƙar nan zai gan ki yadda kike: baki a karkace, ido ɗaya a tsuke, kina kallon mutum tsakiyar ido. Wanda bai iya kallo ba, ya kau da nasa kan.

Allah ya haskaka kabarinki, Innata. Ya gafarta miki, ya sada mu a inda ba a kauce wa kowa.

Taki har kullum,
Rabi