Sabulun Lome da Ƙyallen da Ya Zo a Ciki

Wadata, Yamai
Bazarar 1985

Zuwa ga Zailani, sanyin idona, gawon da ke yi mini inuwa lokacin da sauran itatuwa suka zubar da ganye, ruwan randata na tsakar rana, wanda ambaton sunansa kaɗai ke jiƙa mini maƙogwaro a wannan shekara da sama ta hana mu ko ɗigo.

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta gaji da kallon hanya. Baba da Inna suna lafiya, suna sa maka albarka. Saƙonka na sabulu ya iso ta hannun Sumana, direban kamiyon nan, babbar motar kaya da ke zirga-zirga tsakanin Lome da Yamai. Na karɓi sabulun da hannu biyu, na kai shi hanci, zuciyata ta yi tsalle kamar ɗan akuya ya ga ɗanyar ciyawa. Daga nan kuma ta faɗi, har yau ba ta tashi ba.

Ka tuna yammacin da muka zauna a bakin kogin Isa, kusa da gada, bayan an kai gaisuwar iyaye? Ka ɗebo laka ka murza ta a tafin hannunka, ka gina ɗan ɗaki da bai fi ƙwarya ba, ka huda masa taga da tsinke. Ka ce haka ɗakinmu zai kasance, na ƙasa, mai sanyi, ba irin na siminti da mutanen Yamai ke rububi ba. Na yi maka dariya, ka shafa mini laka a goshi. Zailani, wurin nan da muka zauna yanzu yashi ne. Kogin ya janye har mutane suna tsallaka shi da ƙafa. Da safe mukan yi layi sojoji su auna mana jar dawar taimako, wadda ko kaji sai sun yi shawara kafin su tsattsage ta. Kowa ya iya bakinsa, ba a ƙorafi sai a cikin ɗaki. Keken ɗinkina yakan wuni a rufe, don wanda bai ci ba ba ya ɗinka riga. Duk wannan na jure, tunda na san yunwar nan ce ta ɗaga bikinmu, ita ce kuma ta kai ka bakin teku neman aikin gini.

Sumana ya ba mu labarin otel ɗin da kake ginawa, har maƙwabta suka taru suna saurare. Wai ɗakunan ƙasa ne da rufin ciyawa a ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa, ba a sare ko ɗaya ba, sai dai gini ya kauce wa itace. Wai babu na'urar sanyaya ɗaki, iskar teku da kaurin bangonka sun wadatar. Rana ce ke dafa ruwan wanka a cikin baƙin tanki a kan rufi, ruwan da aka yi wankan da shi ya bi ta kwata ya shayar da lambu, ragowar abinci ta koma taki. Har da masu gadin ƙwan kunkurun teku a cikin yashi! Kuma Turawa suna ketowa daga ƙasarsu don su kwana a irin ɗakin da kakata ta tsufa a ciki a Tahoua. Na yi alfahari da kai, wallahi. Na ce hannun nan da ya shafa mini laka shi ne ake yabo a wata ƙasa.

To amma, ya hasken gidanmu, wurin da ake tausayin kunkuru haka, ake lallashin bishiya, ake tattalin ruwan da aka riga aka yi wanka da shi, wa ke tattalinka kai? Wa ke ajiye maka abinci idan ka sauko daga kan bango? Wa ke wanke maka rigunan da na ɗinka?

Ga abin da ya sa nake tambaya. Sabulun nan ba a takarda ya zo ba. A cikin ƙyallen atamfa ya zo, shuɗi mai zanen ganye, kuma ba sabo ba ne. An ɗaura shi, an wanke shi, ya yi laushin jiki. An kalmashe bakinsa da allura, ɗinki ƙanana a jere, aikin wadda ta zauna ta natsu. Ƙullin da aka yi masa irin wanda mace ke yi wa bakin zanenta ne. Na san hannunka, ko igiyar guga ka ƙulla sai an sa haƙori. Kuma a ƙarƙashin ƙanshin kwakwar akwai wani ƙanshin, na humra, wanda ba daga tukunyar sabulu ya fito ba.

Na tambayi Sumana wa ke yin sabulun. Ya ce, “Ai aikin Balkisa ne, wata 'yar Zangon Lome. Ita ke yi wa otel ɗin, don ba sa sayen na kanti.” Na ce matar aure ce? Mutumin da ya wuni yana zuba kamar rediyo sai ya sunkuya yana duba tayar motarsa, ya ce shi bai tambaya ba, kuma jandarmomi na jiran takardunsa a shinge. Tayar nan lafiyarta ƙalau, Zailani, na duba ta ni ma.

Wace ce Balkisa? Tsohuwa ce mai jikoki, in aika mata da goro in ce na gode? Ko kuwa yarinya ce da ruwan teku ya wanke, man kwakwa ya sa fatarta sheƙi, alhali ni rana da layin dawa sun mai da ni kamar busasshen kara? Ta san da ni? Da ta yage zanenta ta naɗe saƙon, ka gaya mata wa za a kai wa, ko ka ce na ƙanwarka ne? Ko da gangan ta yi, don in ji ƙanshinta in san tana nan? Na juya abin nan a raina har allura ta soke ni ban ji ba. Wani lokaci in ce sharrin zuciya ne, mai tattalin ruwan wanka ai zai yi tattalin tsohon ƙyalle. Sai in sake kai shi hanci, hujjar ta rushe.

Ban yi wanka da sabulun ba. Yana cikin akwati. Ba na so in sa ƙanshin wata a jikina kafin in san matsayinta.

Ina roƙonka, ya tauraron da nake duba kafin in duba gabas, kada ka bar ni da zato. Idan babu komai, ka yafe wa mai kishinka, so ne ya yi mata yawa. Idan kuma akwai, na fi son in ji daga bakinka da in tsinta a bakin direbobi a tasha.

Ba ma sai ka wahalar da kanka da amsa ba. Gwaggo Tabawa, ƙanwar Baba, za ta sauka Lome sarin atamfa kamar yadda ta saba, kuma ta ce idonta ya fara rauni, tana son mai taya ta zaɓen zane. Baba ya yarda in raka ta. Katin shaidata ya fito, an buga mana hatimin fita. Zan zo in ga ɗakunan ƙasar nan, in taɓa bangon da hannuna, in ga tekun da ake cewa ba shi da gaɓa ta biyu, in kuma gaishe da Balkisa in mayar mata da ƙyallenta a wanke, a goge.

Ranar da za mu taso kuwa, ba zan faɗa maka ba. Na hana Sumana ma ya sani.

Ko me na tarar, ka sani ban taɓa ɗaga ido na dubi wani ba tun da ka tafi, ba kuma zan duba ba. Ni taka ce a shekarar yunwa, taka ce in Allah ya kawo damina, taka ce har ranar da za a maida ni cikin ƙasa.

Mai jiranka, mai kuma zuwa,
Raliya