Koko a Baranda

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Wata uku ke nan da na haifi yaron ba rai. Na koma aiki a wurin wankin otal, ina guga kamar ba abin da ya faru. Inusah kuma yana sitonsu na Dubai Investments Park. Gida ɗaya, gado ɗaya, amma tsakanina da mijina ba abin da ya wuce "sannu" da "ga abinci". Yau ya ce ko zan tafi Kumasi wajen Mma, mahaifiyata, in huta. Na san irin wannan hutun. Mace ta tafi da akwati ɗaya, sai a aiko mata da sauran kayanta. Tsoro nake ji, ban gaya masa ba.

Juma'a, 10 ga Mayu

Wata 'yar Filifin da muke guga tare ta ce shirun ɗaki ne zai kashe ni, in samu ƙaramin kare. Dariya ta kusa sa in ƙona rigar baƙo. Ni Fuseina, da in na hango kare a Aboabo, unguwarmu a Kumasi, sai in canja layi. Amma a bas ɗin komawa gida Al Warsan na kama kaina ina kallon hotunansu a waya.

Asabar, 18 ga Mayu

Ashe karnuka ma ƙabila-ƙabila ne. Ciwawa, in ji 'yar Filifin ɗin, bakinsa ba ya hutawa, maƙwabta za su kai mu ƙara. Maltis fari ne tas, amma in aka bar shi shi kaɗai kuka yake ta yi, mai aikin shif ba zai iya da shi ba. Shitsu ne malalacinsu: ya ci, ya kwanta, ya jira ka. Na ce wannan ai ɗan gidanmu ne.

Akwai wata mata a Mirdif da za ta koma ƙasarsu, tana neman wanda zai riƙe shitsunta.

Na gaya wa Inusah. Ya daɗe yana kallona, kallon da ya manta yadda ake yi. "Kare a ɗakin da nake salla?" Na ce ko kare, ko in ci gaba da magana da bango. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce kada Mma ta ji kraa, ko da wasa.

Lahadi, 26 ga Mayu

Ya zo. Gashi har ido, hanci a baje kamar an zauna a kai, kalarsa ta koko da aka zuba wa madara, don haka Koko. Matar tana kuka tana ba ni kwanonsa. Ta ce masu gajeren hanci zafi ba ya musu da daɗi, kada a kashe masa esi mai sanyaya ɗaki, kada a fita da shi da rana. Na ce to.

Dokokin Inusah: ba ya hawa gado, ba ya taka darduma, kwanonsa da sosonsa daban. In ya lashe ni, in wanke kafin in yi salla. Na yarda da duka, don ni ma zuciyata ba ta gama kwanciya ba.

Talata, 4 ga Yuni

Na roƙi Madam ɗinmu ta bar ni a shif ɗin safe. Inusah yana na yamma. Haka Koko ba zai daɗe shi kaɗai ba: ina shigowa, Inusah yana fita. Kowa ya ce dabara ce mai kyau.

Gaskiyar da ba zan faɗa wa kowa ba ita ce na ji sauƙi. Yanzu ba sai na zauna ina kallon fuskarsa ina tuna cewa ko hawaye ɗaya bai zubar ba. Ina asibiti suka kai yaron maƙabarta. Har yau bai ce zo in nuna miki wurin ba, ni ma ban tambaya ba.

Alhamis, 13 ga Yuni

"Ya ci?" "Ya ci." "Ya fita?" "Da safe." Hirarmu ke nan a kan Koko a bakin ƙofa. Ta fi ta watan jiya tsawo.

Alhamis, 20 ga Yuni

Na dawo da wuri yau, injin guga ya lalace. Na tura ƙofa a hankali na tarar da malam mai dokoki zaune a ƙasa, yana yanka naman Salla ƙanana-ƙanana, yana cewa, "Yalla, maza ci, kada madam ɗinka ta ce na bar ka da yunwa." Da ya gan ni sai ya miƙe yana gyara wando, wai naman ne ya kusa lalacewa. Naman da na soya da hannuna har ya bushe.

Na yi dariya. Na ma manta yadda sautinta yake.

Litinin, 8 ga Yuli

Hajiya A'i ta sauka, babbar yayar Inusah. Ta zo saro atamfa da turare, za ta kwana biyar a wurinmu. Ita ta goya shi, don haka a gabanta ba shi da baki. Tana shigowa Koko ya nufi ƙafarta, ta tattare zani ta haye kujera.

Da ta huce sai ta jawo ni kicin. "Amarya, ke da ake roƙa miki haihuwa, sai ki kawo abin da zai hana mala'iku shigowa? Ki bi ni gida kawai, a nema miki magani." Ba da mugunta ta faɗa ba, na sani. Ta kawo min shito, soyayyen yajin gida, da garin tuwo tun daga Kumasi. Amma maganar ta yi min ciwo.

Zafi kuwa ba a magana. Ko ƙarfen ƙofar bas ba ya taɓuwa.

Alhamis, 11 ga Yuli

Koko ya mutu jiya.

Lahadi, 14 ga Yuli

Bari in rubuta yadda aka yi, ko zan daina juya shi a kaina.

Ranar Laraba otal ya cika da 'yan taro, Madam ta ce duk masu safe mu ƙara lokaci. Wayoyinmu suna kulle a loka, akwatin ajiyarmu, ba a shiga da su wurin injuna. Inusah ya fita aikinsa da azahar hankali kwance, tunda Hajiya tana gida kuma ya san na kusa dawowa. Ita kuwa ta tashi yin salla, ta ga ba za ta iya da kare yana zagaya ta ba. Sai ta yi abin da kowace uwa a Zangon Kumasi za ta yi: ta fitar da shi waje. Wajen da muke da shi a hawa na huɗu shi ne baranda. Ta cika masa kwano da ruwa, har ta ɗaura zaninta a ƙarfe ya yi masa inuwa. Tana sallamewa mai kagonta, wanda yake aika mata kaya gida, ya kira daga Al Ras cewa za a rufe kwantena. Ta ja ƙofar gilas, ta tafi.

Sai da la'asar ta wuce na buɗe loka na ji saƙonta. "Amarya, na fita. Karenki na sa shi a waje ya sha iska, na ba shi ruwa, kada ki damu." Muryarta cike da fara'a.

Ban jira bas ba, tasi na tare. Na same shi kwance jikin gilashin, harshe a waje, yana numfashi kamar ana jan zarto. Ruwan kwanon ya yi zafin shayi. Ƙasan gilashin duk sawun ƙafarsa ne. Daga inda yake kwance yana hango ɗakin da esi ke ta aiki ba kowa.

Inusah ya baro aiki ya same ni wurin likitan dabbobi. Sun yi ƙoƙari. Kafin magariba ya cika.

Litinin, 15 ga Yuli

Hajiya ta ɗage tafiyarta. Ba ta ci abinci ba tun ranar. "Wallahi a gida haka muke yi, amarya. Kare ai a tsakar gida yake wuni." Gaskiya ta faɗa. A gida akwai bishiyar mangwaro da ƙasa mai sanyi. Na so in yi fushi da ita, fushin ya rasa wurin tsayawa. Ni aka yi wa gargaɗin zafi. Na koya mata yadda ake kunna kukar girki da inda makulli yake, wannan ɗaya ne ban faɗa ba, don kunya nake ji in yi wa yayar mijina bayanin kare.

Laraba, 17 ga Yuli

Akwai abin da ban rubuta ba. A wurin likita, da suka ce za su karɓe shi, Inusah ya ce su dakata. Ya cire rigar aikinsa ta sama ya naɗe Koko a ciki, shi da bai taɓa yarda na ga ya taɓa shi ba. Ya ɗauka, sai ya tsaya cak. Ya ce, "Shi ma haka yake, Fuseina. Ba nauyi. Daga mota har kabari ina ta jin kamar ba komai a hannuna."

Sai ya yi kuka, a gaban likita, a gaban wani Bature da kyanwarsa. Ya ce ya ɗauka in ya yi shiru zan fi saurin mantawa. Wata biyar ina zargin mutumin nan da taurin zuciya.

Na riƙe masa hannun riga kawai.

Talata, 23 ga Yuli

Hajiya ta tafi. A filin jirgi ta sake cewa in bi ta, ko wata biyu ne. Kafin in buɗe baki Inusah ya ce, "Yaya, bar ta." Ta dube shi, ta dube ni, ta ce Allah ya ba da mai albarka.

Har yanzu in na sa makulli sai in tsaya ina jiran ƙarar farcensa a kan tayil.

Juma'a, 2 ga Agusta

Na ce wa Madam ta mayar da ni shif ɗin yamma. Ta tambayi dalili, na ce bas ɗin safe ya cika cunkoso. Kuma ya cika ɗin, ba ƙarya na yi ba.

Yau dukanmu muna hutu, da safe mun sha shayi tare, ya zuba min sukari ya yi yawa, na sha haka nan. Yana wanke kofi, bayansa gare ni, na ce ko wurin yana da nisa. Bai tambaye ni wane wuri ba. Ya ce in an sauko daga masallaci zafi zai yi yawa, mu bari sai bayan la'asar, kuma in sa takalmi mai rufi don ƙasar wurin tana ƙuna.

Na fito da takalmin.