Kai Kaɗai Ka Tambayi Wanda Ya Rasu

Maradun,
Ranar Alhamis, bayan la'asar.

Zuwa ga Misbahu, sanyin idona, inuwar gawo a tsakiyar rani, ruwan farko da ke sauka a kan ƙasar da ta gaji da jira.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar girma da ƙauna. Yaya gida, yaya Baba da Iya, yaya ɗalibanka da mutanen Bakura baki ɗaya? Ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Mu nan sai godiyar Allah.

Ka ga yadda na jera maka kalmomi masu daɗi a sama. Na iya su, shekara uku ke nan ina sa su a bakin 'yan matan littafina. Ba ƙarya na rubuta ba, babu wadda ba ka cancanta ba a cikinsu. Amma gara in faɗa maka gaskiya tun daga farko: na rubuta su ne kamar mai taɓa ƙafarsa da ta sage, yana ganin yatsansa a kanta, ya san tasa ce, amma ba ya jin taɓin. Wata biyar ke nan haka nake. Shi ya sa saƙonka ya yi wata biyu a wayata ban ba ka amsa ba. Ba wulaƙanci ba ne, masoyina. Yau na ce bari in ajiye waya in ɗauki biro, ko hannuna zai faɗi abin da ya gagari bakina.

Kana tuna yadda muka fara? A zauren marubutan nan na WhatsApp da Anti Ummulkhairi ta buɗe mana daga Talata Mafara, mu wajen arba'in, babu wanda aka taɓa buga wa littafi, kowa da ranar da zai tura babinsa a yi masa sharhi. Ranata Laraba ce. Babin farko da na tura, na sa jarumata a gidan gilashi a bakin teku, saurayinta yana sauka daga jirgi da furanni. Kowa ya yaba, aka yi ta turo mini hotunan zuciya. Sai kai, wani malamin firamare da ban san fuskarsa ba, ka tambaye ni ko na taɓa ganin teku. Ka ce layi uku da na rubuta a kan mai tallan nono a tasha sun fi sauran shafi goman rai, domin ita na san ta. Kwana biyu ina kumbure da fushi. Da ranarka ta zagayo na rama, na ce matan littafinka suna magana kamar masu karanta labarai a rediyo. Na zaci za ka ji haushi. Sai ga shi ka sake rubuta babin gaba ɗaya, ka turo mini ni kaɗai, ka ce in duba ko sun fara numfashi.

Wace irin soyayya ce take farawa da gyaran kuskure? Tamu ce. Wasu ana sace zuciyarsu da turare da kallon ido, ni da jan layi aka sace tawa. Kai ne kogin da ya ja ni daga tekun da ban sani ba ya mayar da ni ƙofar gidanmu. Saboda kai na yar da gidan gilashi na fara labarin wata yarinya da yayanta mai noma a Damaga. Mutanen zaure suka ƙaunaci yayan nan, har Zainab ta ce a ba ta shi aure. Babu wanda ya san ba ƙirƙirarsa na yi ba. Hamma Sambo ne, yayana da muke ciki ɗaya, wanda ya saya mini wayar da nake rubutun da ita shekarar da masara ta yi kyau. Bokonsa bai yi nisa ba, don haka ni nake karanta masa a gindin darbejiyar tsakar gida, yana dariya yana cewa na ƙara masa tsawo kuma na rage masa ci. Ko kai ban faɗa maka ba, ina jin kunya a ce ban iya ƙirƙira ba.

Sauran ka sani, amma ba ka taɓa ji daga gare ni a jere ba. Ranar Litinin ce da kaka, ya hau babur da safe zai je Damaga ya kwaso abin da ya rage a gona. 'Yan bindiga suka tare su a hanya, shi da sauran masu tafiya gona. Kafin azahar an kawo shi a bayan mota, an rufe shi da zanen wata mata da ban san ko wace ce ba. Ina wanke tukwane lokacin da kuka ya tashi a ƙofar gida. Misbahu, na ƙarasa wanke tukwanen. Na kife su a kan turmi, na watsa wa kaji dawa, sannan na fita. Da na gan shi, abin da idona ya kama shi ne takalminsa ƙafa ɗaya ne. Na yi ta tambayar mutane ina ɗayan, har Baffa Yakubu, ƙanen mahaifinmu, ya kama hannuna ya mayar da ni ɗaki. Inno, mahaifiyarmu, tana faɗuwa ana tayar da ita, ni kuwa ina shimfiɗa wa baƙi tabarmi ina ƙirga kofuna.

Kwana tara bayan nan Laraba ta zo, ranar babina. Ban san abin da ya sa na yi ba. Wataƙila don shi kaɗai ne abin da bai canza ba a duniyata. Na zauna na rubuta babi na sha tara, na sa duk abin da ya faru yadda ya faru, da tukwanen da kajin da takalmin, na tura ban ce wa kowa komai ba.

Sharhi ya fara shigowa. Ba na zargin kowa, aikin da muka taru don shi suka yi. Anti Ummulkhairi ta ce rubutun ya yi kyau amma babu zuciya a ciki, in ƙara hawaye. Zainab ta ce ya kamata yarinyar ta suma a kai ta asibiti. Ɗantala ya ce babu ƙanwar da za ta tsaya ba kaji abinci an kawo gawar yayanta, wannan ba mutum ba ce, dutse ce, mai karatu ba zai yarda ba. Wasu suka ce na yi gaggawar kashe shi, in dawo da shi a ce suma ya yi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina amsawa: na gode, zan gyara. Ko gezau ban ji ba. Na ma yarda da Ɗantala.

Kai ba ka ce komai a zaure ba. Can sai ga saƙonka a gefe, kalma huɗu:

"Raliya, wa ya rasu?"

Ta yaya ka gane, ya hasken da bai taɓa ganin fuskata ba? Mutum arba'in sun karanta shafi ɗaya, sun ga babin da bai nuna ba, kai kaɗai ka ga gawa a tsakar gida. Daga baya ka ce mini takalmin ne, wai babu mai ƙirƙirar irin wannan. Na daɗe ina kallon tambayar, sannan na rubuta maka sunansa. Wannan ne karo na farko da na haɗa sunan Hamma da kalmar rasuwa da hannuna.

Washegari ka zo. Ka bar aji, ka shiga mota daga Bakura zuwa Talata Mafara, ka hau babur zuwa Maradun, a lokacin da mutane ke jin tsoron hanyar. Ka zauna da maza a ƙofar gida kuka yi addu'a da Baffa, sannan aka ce in fito zaure wani malami daga Bakura yana mini ta'aziyya. Shekara guda ina sassaƙa ranar da zan fara ganinka. Na zaɓi atamfar da zan sa, na shirya yadda zan sunkuyar da kai, na san zuciyata za ta yi tsalle kamar ɗan maraƙin da aka kwance. Ga ranar ta zo, ina tsaye da tsohon hijabi, ina kallon farin alli a hannun rigarka, ina tunanin da ruwan sanyi zai fita. Shi ke nan abin da na ji. Ka yi mini gaisuwa doguwa, na amsa kowace gaɓa daidai. Ba ka ce in yi kuka ba, ba ka ce in daure ba. Ka tambaye ni ko ka sanar da zauren marubuta, na ce a'a, ka kuwa riƙe.

Anti Ummulkhairi a wurin wata 'yar garinmu ta ji, bayan mako uku. Ta zo har gida tana kuka tana neman gafara a kan sharhinta. Ni na yi ta lallashinta, na kawo mata fura, na raka ta tasha. Ranar na fita daga zauren marubutan, don ban iya karanta ta'aziyyar mutanen da ke jin kunyata ba. Littafin kuma yana nan a babi na sha tara, ban ƙara ko harafi ba.

Sai saƙonka na wata biyu da suka wuce, kana neman izinin turo magabatanka. Kullum bayan sallar asuba sai na buɗe shi na karanta. Na haddace shi har da inda ka manta ɗigo. Me zan ce maka? In ce ina murna, alhali ban san inda murna ta shiga ba? In kawo maka ƙwarya mai kyan zane wadda babu nono a ciki? Kai da ka cancanci macen da za ta ji sallamarka ta rasa inda za ta sa kanta don daɗi. Na ji tsoron in cuce ka, zumar rayuwata. Na ga matan da ake kaiwa ɗaki suna kuka, ban taɓa ganin wadda aka kai ba ta jin komai ba, ban kuma so a fara a kanka.

Abu biyu suka sa na ɗauki biro yau. Na farko, babin da ka turo mini ranar Asabar, wanda ka ce ba sai na yi sharhi ba. Na karanta ina tsintar shinkafa. Da na kai inda Nagode, matar littafinka, ta yafe wa mijinta a shafi ɗaya bayan ya yi shekara bai waiwaye ta ba, sai na ji wani abu ya taso mini a ƙirji. Haushi ne, Misbahu. Na ajiye faifan na ce a fili wannan ba daidai ba ne. Sannan na tsaya cak, domin shi ne abu na farko da na ji tun ranar Litinin ɗin nan. Ɗan kaɗan ne, kamar danshin da ake tararwa in an tona yashin rafi da rani, bai kai a sha ba. Amma akwai shi, kuma ta hannunka ya zo. Gyaran babin yana bayan takardar nan, ban sassauta maka ba.

Na biyu, Inno. Tana jin lokacin da na yi maganar, ta ɗago ta dube ni. Da yamma tana gyaran gyaɗa, ba ta ko kalle ni ba ta ce:

"Yaron ga na Bakura, in kina son shi ki hwaɗi. Kada ki tsaya jiran hawaye, ni da nika yin su kullum ba su maido min kowa ba."

To, na faɗa mata, yanzu kuma ina faɗa maka. Ina son ka. Ba da bugun zuciya na sani ba, na sani ne kamar yadda nake sanin gabas ko da hadari ya rufe rana. Ka turo magabatanka bayan Sallah, Baffa Yakubu ya ce ƙofarsa a buɗe take. Roƙona ɗaya ne: kada ka sa ran amaryar littafi. Za ka iya kawo mini abin farin ciki in ce na gode kawai. Za ka iya yin magana ka tarar hankalina yana hanyar Damaga. In haka ta faru kada ka zaci ka gaza, kada kuma ka gaji da ni da wuri. In ka ga nauyin ya fi ƙarfinka, ka faɗa mini yanzu, ba zan riƙe ka a zuci ba, kuma ba zan daina yi maka addu'a ba.

Ban san ranar da zan dawo daidai ba. Wataƙila damina ɗaya, wataƙila goma. Abin da na sani shi ne, duk ranar da ta zo, ko kuka ta zo da shi ko dariya, ina so ta same ni a gidanka.

Taka a yau da nake haka, taka a ranar da zan warke, taka har Allah Ya karɓi abinSa,

Raliya.