Malam Ya Tsaya Tsakiyar Fatiha

Zuwa ga yayana Mani, a Zakka.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina lafiyar Inna da yara? Ya damina?

Ni lafiya lau nake a Katsina, sai dai malamina, Malam Barau, tsufa ya rikita shi. Ni ke masa wanka, ni ke ba shi abinci. Jiya ya ta da salla, ya tsaya tsakiyar Fatiha, ya juyo ya ce mini, "Yaro, me ke gaba?" Yaya, mutumin da ya rubuta Alƙur'ani da ka. Na karanta yana bi.

Ka ba Inna haƙuri, bana ba zan zo girbin gero ba. Malam ba ya karɓar abinci sai daga hannuna, alhali sunana ma ya manta.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenka,
Sammani