Motar Isiyaku Ta Dawo Gida

Zuwa ga ɗana Abdulkahar, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka Muslimat da 'yan jikokina. Allah ya sa albarka a nema, ya tsare ku a ruwa da tudu. Mu nan Birnin Gwari sai godiya. Damina ta yi kyau, waɗanda suka samu shiga gonakinsu na wajen Kusasu sun kawo abin da Allah ya ba su. Gwiwata ce dai tana nan da halinta, ita ke sanar da ni za a yi ruwa tun hadari bai haɗu ba.

Na ƙi kiranka a waya ne saboda waya tana sa tsoho gaggawa, ni kuwa labarina ba ya son a kore shi. Na ji ka shirya zuwa da mota ka ɗauki mahaifinka Isiyaku, ka kai shi asibitin masu taɓin hankali, daga nan ya koma can wurinka da zama. Allah ya yi maka albarka da ba ka yar da shi ba. Amma ka ɗan jingine makullin motar nan ka saurari baffanka.

Ni ma na ji abin da ka ji, har na riga ka. Tun farkon damina aka fara raɗa mini a bakin masallaci wai ƙanena ya taɓu, yana bin bola yana tsintar gwangwanin madara da tsofaffin silifa. Ban yarda ba. Na san dai tun ranar da mutanen daji suka tare shi a hanyar Kaduna, suka ƙone gingimarinsa yana kallo, Isiyaku ya zama kamar tukunyar da aka kife. Ba magana, ba dariya, abinci sai an yi da gaske. Amma shiru daban, hauka daban. Sai na bar maganar a inda na tsince ta.

Ashe tana da ƙafa. Ran nan da hantsi aka aiko wai in zo ƙofar mai unguwa maza, mutanen tasha sun kama Isiyaku. Sun daɗe suna lura da shi yana zagaya manyan motoci da wata igiya mai ƙulle-ƙulle. Ya gwada tsawon bodi, ya gwada faɗin taya, ya kwanta a ƙasa yana leƙen gindin mota, ya tambayi direba kaza da kaza. To ka san garinmu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Dattijon da ke auna motoci yana tambayoyi, a wurinmu sunansa ɗaya, infoman mutanen daji. Jaji, wanda ke jagorantar lodi a tashar, har rantsuwa yake yi cewa lissafin kaya yake kai wa daji. Ni kuwa na san inda irin wannan zargi yake kai mutum.

Mahaifinka bai yi musu da kowa ba. Abin da ya roƙa kawai a haɗa shi da mutum biyu su raka shi gida. Suka dawo yana rungume da wani abu a lulluɓe cikin zanen mahaifiyarka, kamar mai ɗauke da jariri ranar suna. Ya ajiye a kan tabarma, ya yaye zanen.

Abdulkahar, motar ce. Gingimarin nan da ta ciyar da ku, ita ce zaune a tabarmar mai unguwa, tsawonta bai fi kamu ɗaya da 'yan kai ba. Koren kai, bodin katako mai ratsin ja da rawaya, tsani a gefe, da rubutun nan na goshinta, Sannu Ba Ta Hana Zuwa. Bakoji ne ya fara magana, Bafulatanin nan da ya yi shekara da shekaru yana loda shanu a cikinta zuwa kudu. Ya durƙusa, ya sa yatsa a kan wani katako na bayan bodin da launinsa ya bambanta, ya ce ai nan ne bijiminsa ya taɓa fasawa da ƙaho aka sake wani. Ya yi ta salati yana dariya. Shi kuwa Jaji da ya zo da rantsuwa, sai ga shi rub da ciki yana buɗe ƙofar direba da farce, yana tambaya ko sitiyarin yana juyawa. Yana juyawa kuwa, har tayoyin gaba su bi shi. Shari'ar da aka taru a yi ta watse, mai unguwa da kansa ya ce a matsa masa ya gani.

Tun daga ranar kusan kullum ina zaurensa, kuma wallahi na koma yaro. Mu da muka tashi muna fafe karan dawa muna yin mota da ƙaya, muna ganin mun iya, ashe wasa muke yi. Igiyar nan da ta kusa jawo masa bala'i ita ce asirin aikin. Kowane ƙulli kamu ɗaya ne a jikin babbar mota, shi kuma sai ya mai da shi faɗin yatsa biyu a jikin ƙaramar. Ko marfin tanki ba ya yankawa sai ya auna, wai ido maƙaryaci ne, yana ƙara wa abin da yake so girma. Da yake tasa ta ƙone, dole ya je ya auna 'yan'uwanta a tasha. Kan motar gwangwani ne ya buɗe ya daddale, ya haɗa da dalma. Tayoyin silifa ne, ya zauna da reza ya fitar wa kowace da zanenta. Gilashin robar ruwa ce, fitilun kuwa daga kwalin ƙwayar magani ya yanko su. Amininsa Solomon, mai gyaran jikin mota, shi ke tara masa ragowar fenti a 'yan marafai. Burushin da yake rubutu da shi gashin jelar akuya ne, silin da bai fi a ƙirga ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ya gama ta tsaf tana sheƙi, sai ya ɓata fuska ya ce wannan ba tasa ba ce, ta kanti ce. Ya jiƙa jar ƙasa da ƙaro ya yayyafa mata a ƙafafu, kamar ta fito daga Dogon Dawa da damina. Ya shafa baƙin tukunya a bakin salansa. Ya fasa fitilar hagu da gangan. Na ce masa wannan wace irin ɓarna ce, ya ce haka take tun ranar da ya kauce wa jaki. In ka leƙa ciki akwai 'yar buta da sallaya a bayan kujera. Kujerar gefen direba kuma tana da tsaga an ɗinke da baƙin zare. Ya ce kai ka yanka ta da reza kana ƙarami, ranar da ya fara tafiya da kai Funtuwa, kuma bai taɓa sake fatar ba. Ya ba ni wannan labari tun daga farko har ƙarshe, shi da sai a wuni ba a ji muryarsa ba.

Yanzu zauren ba ya rabuwa da mutane. Direbobi na kawo motocinsu har ƙofar gida a auna a ƙera musu ƙananansu, Jaji ne ma kan gaba, wai da tasa za a fara. Akwai wata baiwar Allah daga Tabanni da mijinta ya rasu a hanyar nan, ta zo da hoton motarsa ta haya, ta ce tana so 'ya'yanta su san abin da ubansu ya tuƙa. Ita ya sa a gaba, ya ce Jaji ya jira. Ni ma an ba ni muƙami, ni ne mai riƙe gwangwani in ana ɗiga dalma, kuma ana yi mini faɗa in hannuna ya yi rawa.

Ba zan ce maka ya koma kamar da ba. Har yanzu in taya ta fashe a titi sai ka ga ya daskare. In ka zo kana so likita ya duba shi, ba zan hana ba, a je a dawo. Amma in ka ɗauke shi daga zauren nan ka kai shi bene a garin da bai san direba ko ɗaya ba, ina tsoron motar za ta ƙone masa karo na biyu. Ka zo da Sallah a matsayin baƙo, ka taho da yara, gani ya kori ji.

Ka gaishe mini da Muslimat da kyau, da Nu'uman da 'yar uwarsa Ladi. Gwaggonka Maiturare tana gaishe ku, Solomon da Bakoji ma sun ce a saka sunansu.

Mutane da yawa sun ce mini Isiyaku ya samu sauƙi, ina jin su ne kawai, don bakin da ya ce ya taɓu shi ne yake cewa ya warke. Amma jiya na shiga cikin gidansa na tarar ana ɗinka wa motar tampol da ƙyallen tsohuwar lema. Mai ɗinkin ba ta ɗago kai ba, ta ce, Yaya, ka gaya wa yaron nan ya bar zancen asibiti, Malam ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Ka san ba ta kama sunanka, kai ɗan fari. Mahaifiyarka ce, Bara'atu, wadda ta kira ka tana kuka tun farko, ita ce ta ƙarshe da ta gaya mini ya samu sauƙi, kuma tata ce na yarda da ita.

Wassalam. Naka har kullum,
Baffanka Ɗalha, Birnin Gwari.