Shanun da Hamdiyya Ta Ƙirga

Asabar, 3 ga Agusta, 2024
Wata huɗu ke nan Baba bai bar ƙanwata Hamdiyya ta taka ƙofar gida ba, tun ranar da masu babura suka kwashi yara a bakin rijiya. Da ta fara kuka sai in miƙa mata wayar Inna, mu shige ɗaki, in samu in karanta littafin soyayya da ƙawata Kulsumu ta ara mini. Yau a cikin labarin, saurayin ya riƙe gefen mayafin budurwar. Sau uku na karanta wurin.

Talata, 6 ga Agusta
Baba ya tsaya a bakin zaure. Hamdiyya ta ƙanƙance ido: "Yaya, wane ne wancan?" Inna ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Litinin, 12 ga Agusta
Mun kai ta Kaura. Malama Vivian mai duba ido ta ce na nesa ya fara dushe mata. Sai tabarau, sannan kullum awa biyu a waje cikin haske, ko abin ya rage ƙaruwa. Baba ya ce, "Wane waje, Malama? Zurmi fa muke."
Ta tambayi mai ba ta waya. Na kalli takalmina.

Alhamis, 15 ga Agusta
Baba ya yarda mu riƙa hawa saman soro, inda Inna ke shanyar kuɓewa, amma ban da miƙewa tsaye. Wasa muke: ta faɗi abin da ta hango, in ce ta ci ko ta faɗi. Geron maƙwabcinmu Na'Allah ya wuce tsawon mutum. Ba a ganin abin da ke ciki.

Lahadi, 18 ga Agusta
Ruwa. Ba mu hau ba.

Alhamis, 22 ga Agusta
Da la'asar ta nuna bayan gero. "Yaya, shanu! Ɗaya, biyu... bakwai. Na ci?"
Shanu ba sa goya mutum uku-uku. Sun tsaya suna kallon gari, suka juya.
Na ce ta ci. Na danne kanta muka sauko. Sai da na yi jim kafin in gaya wa Baba, don na san abin da zai ce.

Asabar, 24 ga Agusta
Baba ya ce hawan soro ya ƙare. Ni da ban taɓa mayar masa da magana ba na ce, "Baba, da ba mu hau ba, wa zai gan su?" A ƙarshe ya yarda.
Yau mun hau.
Kulsumu ta zo karɓar littafinta, na ba ta. Ban ƙarasa shi ba, ban san ko saurayin ya auri budurwar ba. Ba don komai ba, rana ce ke kashe ido a kan takarda.
Jibi za a kawo tabarau. Ban san me zan ce mata ba ranar da ta ga shanun da kyau.